Kuncin Kulu da Askar Wanzami

Ranar Asabar da ta wuce Ma'u, ɗiyar ƙanena, ta zo mini nan Tambuwal da ƙawayenta biyu. Dukansu sun gama makarantar koyon jinya, lasisi na hannu, aiki ne bai samu ba tukuna. Ko zama ba su gama yi ba ta turo mini waya a fuska, wai in duba. Wani asibitin kuɗi ne a Abuja, bango fari fat, fure a kan tebur, ga wata nas ta sha kwalliya tana ta murmushi.

"Gwaggo, irin aikin da kinka yi na," in ji Ma'u. "Tiyatar gyaran jiki. Nan muka son shiga. Babu jini, babu wari, babu mai naƙuda tana ihu. Sanyin na'ura kawai da manyan mata."

Na dubi wayar, na dube su, na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Babu wari! Kai, yaro man kaza, na kusan faɗa, sai na tuna ba yara ba ne, ma'aikata ne da za a damƙa wa rai gobe. Na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu shi zan maimaita nan, don na san ba su kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Aiki dai akwai, ba zan karya muku gwiwa ba. Masu shiga wannan fanni ba su da yawa, don bayan karatun jinya sai kun koma kun yi na ƙuna da gyaran jiki daban, kuma yawanci ƙiwa ke hana mutane. Wadda ta yi shi ta ƙware ba ta zaman banza: asibitocin koyarwa na nema, ƙungiyoyin agaji na nema, masu asibitin kuɗi na nema, wasu ma har Saudiyya sun tafi. Ni kaina bayan na yi ritaya na yi 'yan watanni a irin wancan asibitin mai fure. To bari in gaya muku, Hajiyar da aka rage wa tumbi ita ma robar zubar da ruwa ce a cikinta, ita ma ciwonta na iya ruɓa, ita ma jini na iya ɓalle mata. Bokitin da ke ƙarƙashin gadonta da na asibitin gwamnati duk abu ɗaya ake zubawa ciki. Kuma ba fuskarku za su ɗauka aiki ba, idonku za su ɗauka.

Mutum na farko da na fara wanke wa ciwo a sashen ƙuna wani mai sayar da fetur a kwalba ne daga Dogon Daji. Jarka ta kama da wuta a hannunsa, ya ƙone tun daga wuya har cibiya. Sista Ladi, wata 'yar Zuru da ta koya mini aiki, ita ta ja ni gefen gadonsa. Doguwar mace ce marar yawan magana, in ta kalle ki ta saman gilashi sai kin duba ko ɗankwalinki ya karkace. Muka jiƙa tsohon bandeji da ruwan gishiri, muka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, mutumin na salati, warin kuwa ba a magana. Ban kai rabi ba na fita da gudu na amayar da kokon da na sha. Sista Ladi ta biyo ni da kofin ruwa, ta ce, "Kurkure baki. Kin gama? To shi bai gama ba. Sa sabuwar safar hannu ki dawo." Na koma. Tun hantsi muke kansa, ba mu ɗaure bandeji na ƙarshe ba sai da aka kira azahar.

Wajenta na koyi cewa likita yana yin nasa a yini ɗaya, nas kuma ita ke da sauran kwanakin. Gyaran fata iri biyu ne. Akwai 'yar siririya da ake feɗowa daga cinya a shimfiɗa a kan ciwo. Akwai kuma mai kauri, wadda ake ɗagowa da namanta da jijiyarta, ita ce ake toshe rami da ita a fuska. A wajenmu yawanci daga saman ƙirji ake ɗago ta, wajen kafaɗa. Ba a yanke ta gaba ɗaya. Gefe ɗaya na nan manne da ƙirji yana shan jini, ɗayan gefen a ɗinke shi a kunci. Sai ka ga mutum da gadar fata tsakanin ƙirji da fuska, kansa a karkace, haka zai zauna kusan sati uku har kuncin ya fara ciyar da baƙuwar fatar, sannan a yanke gadar. A cikin waɗannan kwanaki in ya juya wuya da ƙarfi, ko ya kwanta a kanta, ko jini ya taru a ƙarƙashi ba a gani ba, fatar ta mutu. In ta mutu kuwa, ramin ya dawo, ga kuma ƙirji an riga an ɓata.

Littattafan da kuka karanta sun ce ku duba launi, wai in ta yi ja lafiya, in ta yi shuɗi matsala. Wannan fatar Bature ce. Ku je ku nemo mini shuɗi a kuncin baƙin mutum irin Bakabe! Sista Ladi ta sa na yi watanni ba abin da nake sai taɓa fata da bayan yatsa, in taɓa sabuwa in taɓa ta kusa da ita, in faɗa mata wacce ta fi ɗumi. In duba ƙyalli, in duba kumburi. In ina shakka, in ɗauki siririyar allura in ɗan soka. Jini ja ya fito nan take, alhamdu lillahi. Ya fito baƙi-baƙi da sauri, hanyar komawarsa ta toshe. Bai fito ba sam, to ba tafiya za ki yi wajen likita ba, gudu za ki yi.

Kayan aikina ba su cika aljihu biyu ba. Almakashi mai lanƙwasasshen baki, hantsaki, 'yar tocila ta leƙa cikin baki, da babban sirinji na ɗura kunu ta robar hanci, don wanda aka yi wa aiki a baki ba ya tauna komai. Sai madubi, shi kuma a durowa yake zama a kulle. Ba a ba mutum madubi a kwanakin farko. Fuska na kumbure, zare ko'ina, in ya gani sai ya ce an ƙara ɓata shi. Akwai wani tela daga Jabo da muka raba wa yatsun da ƙuna ta manne, shi ba madubi ne damuwarsa ba, katakon da muka ɗaure masa hannu a kai ne. Kullum sai ya kwance wai zai yi alwala. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Sai da na kawo masa limamin masallacin asibiti ya yi masa bayanin shafa a kan bandeji, sannan muka samu lafiya. Yanzu haka rigar da ke jikina shi ya ɗinka.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta korona. Manyan ayyukan fuska likitoci ne ke zuwa daga nesa su yi tare da namu, lokaci-lokaci. Aka rufe hanyoyi, ba mai zuwa. Ɗakin tiyata ya koma na gaggawa kawai, aka rarraba mu wasu sassa, waɗanda ke aikin wucin gadi aka sallame su. Wannan ma ku sa a ranku, fannin nan in abu ya taɓa ƙasa shi ake fara ajiyewa, don ana ganin mai ramin fuska ba yau zai mutu ba. Mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Mutum ya sayar da akuyarsa, ya taso tun daga ƙauye, ya iso bakin ƙofa, ni ce zan fita in ce masa ya koma sai an neme shi. Na tsani wannan aikin fiye da wankin ƙuna. Cikin waɗanda na mayar har sau biyu akwai Kulu.

Kulu 'yar wani ƙauye ce gaba da Kebbe, ta haura shekara talatin lokacin. Tana ƙarama, bayan ta yi ƙyanda, cutar nan mai cin kunci ta kama ta, wadda likitoci ke kira noma, mutanenmu kuma su ce ciwon iska. Ta rayu, amma kuncin dama ya tafi, kana hango haƙoranta daga waje. A kuncin hagu zanen gidansu na nan raɗau, dogaye, daga gefen baki zuwa kunne, irin wanda ake yi wa jariri ranar suna. Na dama cutar ta cinye su tare da naman. Kullum fuskarta a ɗaure da gyale, abinci ma bango take fuskanta ta ci. Saƙar faifai take yi a cikin ɗaki, ƙanenta Modi ke kai mata kasuwa. Shi ne kuma ke kawo ta asibiti, mutum mai fara'a da yawan tambaya.

Da abubuwa suka daidaita aka kira ta. Ni na shirya ta, ni na wanke mata ƙirji da safiyar aikin. Na ga wasu 'yan tsaga uku ƙanana a wajen kafaɗa, tsofaffi, sun kusa shafewa, irin na magani da wanzamai ke yi wa yara. Rabin mutanen da na wanke suna da irinsu, ban ko tsaya a kansu ba. Aka ɗago fatar aka kai kunci, inda aka ɗebo kuma aka rufe da ta cinya. Kulu ta yi haƙurin da ban taɓa gani ba. Kai a karkace, kunu ta hanci, ba ta taɓa cewa wash ba. Kowace safiya in wanke ɗinkin, in taɓa da bayan yatsa, in ji ɗumi, in ce mata, "Kulu, baƙuwarki ta kwana lafiya." Ranar da na buɗe durowa na miƙa mata madubi, ta daɗe tana kallo, sannan ta kumbura kumatu da iska, ta ga iskar ba ta fita ba. Ta sake yi. Duk ɗakin muka sa dariya, har da ita.

Da za a sallame ta na zaunar da ita da Modi na karanto musu dokoki. Sabuwar fata ba ta jin zafi ba ta jin sanyi, don haka ban da gashi da ruwan zafi, ban da kusantar murhu, ban da zama a rana. Ga man shafawa. Ku dawo bayan kaka likita ya duba. Duk abin da na san mutanenmu na yi wa ciwo na lissafa. Suka tafi, ni kuma na ɗauki hutuna na taho gida Tambuwal, damina ta yi tsaka.

Wata Alhamis da la'asar ina tsintar shinkafa waya ta yi ƙara. Modi ne. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, sannan ya ce, "Sista, 'yar tambaya gare ni. In wanzami ya gama, man nan naku za mu shafa, ko baƙin tukunya awa yadda anka saba?"

Na ce, "Wane wanzami? Ya gama mi?"

"Zanen Kulu mana. Inna tac ce a maida mata zanen gidanmu ga sabon kunci. Gobe da hantsi in Allah ya kai mu."

Na miƙe tsaye, shinkafar ta watse a ƙasa. Na ce, "Modi, kada ku kuskura! Modi!" Shiru. Layi ya yanke. Ƙauyensu ba sabis, sai an hau wani tudu ake samu, kuma ga alama ya sauko. Na kira har yatsana ya gaji, ba ta shiga.

Ku da kuka yi karatu kun san abin da ke nan. Fatar ba ta daɗe da rabuwa da ƙirji ba, da 'yan ƙananan jijiyoyin da suka tsiro daga gefe take rayuwa. A ja mata aska dogo-dogo daga baki zuwa kunne, a cusa baƙin tukunya a ciki, an yanke mata hanyar abinci an kuma zuba mata datti. Za ta yi baƙi ta zube. Shekarun da Kulu ta yi tana jira, da zaman kai a karkace, duk su tafi a hantsi ɗaya. Wallahi tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ɗakin tiyata.

Ana sallame asuba ina tasha. Motar Kebbe ta ƙi cika, na yi ta yi wa direba masifa har ya tashi da gurbi biyu don ya huta da bakina. Daga Kebbe na hau kabu-kabu. Ku dube ni da jikin nan da gwiwoyin nan a bayan babur, cikin laka, ina riƙe da jaka da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da rigar bawan Allah. Wani wuri sai na sauka na tattare zane muka ratsa ruwa da ƙafa. Ina ta kallon rana tana ɗagawa, ina ce masa ya ƙara wuta, shi kuma yana ce mini, "Hajiya, in mun faɗi ba mu isa ba sam."

Da na faɗa gidan, an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Wanzamin, wani dattijo mai suna Jelani, ya buɗe zabira yana wasa aska a kan fata. Mata sun kewaye. Kulu na zaune a tsakiya, kai a sunkuye, kuncin nan da na yi jinya na sheƙi, ba a taɓa shi ba. Na daka tsawa, "Kai, aje askar nan!" Kowa ya daskare. Sai a lokacin na tuna ko sallama ban yi ba, ga laka har gwiwa. Na koma bakin ƙofa na yi sallama kamar mutumiyar kirki, aka amsa, aka ba ni kujera.

Mahaifiyar Kulu, wadda kowa ke kira Inna, na zaune a bakin ɗakinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ya tafi shekaru da yawa, ba ta gani. Na durƙusa na gaishe ta, na fara zuba bayanin asibiti, jijiya kaza, jini kaza. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

"Ke ta kinka liƙa ma wagga fatar wani?"

Na ce, "Inna, ba ta wani ba ce, tata ce."

"Haka kuka cewa. Nan garin an ce ta mamaci ta, wasu sun ce ta Nasara ta. Ni ban sani ba. Abin da nis sani, na taɓa, ba ta gidanga ba ta. Sumul, babu ko layi ɗaya. Ramin ma na san shi, nawa na. Wagga ban san ta ba. In an sa mata askar gida ta zama tamu. In ba haka ba, ranar da ta cika, da kuncin baƙo za a kai ta?"

A wajenta maganar ba wauta ba ce. Na juya wajen Modi na ce a hankali, ita Kulu ba ta gaya mata daga ƙirjinta aka ɗebo ba? Ya matso ya rage murya. Ashe Kulu ce 'yar fari. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye, ba ta zama kusa da ita, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ranar da suka dawo daga asibiti ne kawai ta kai hannu sau ɗaya ta shafa, ta janye da sauri. Kulu ta aika mata ta bakin wata gwaggonsu cewa fatarta ce, Inna ta ce wanda aka sa barci aka yanka, mi ya sani? Ita kuwa Kulu, da ta saɓa wa uwarta gara ramin ya dawo. Na tambaye ta a gaban kowa ko tana so a yi, ta ce, "Abin da Inna tac ce." Hawaye na zuba ta kan ɗinkin.

Raina ya ɓaci, na ji kamar in ce zan kai ƙara wajen hakimi. Amma na san abin da zai biyo baya. Za a ba ni haƙuri, a ba ni fura, a raka ni bakin hanya, jibi Jelani ya dawo. Ba zan iya gadin kunci daga Tambuwal ba. In tsohuwar nan ba ta yarda da kanta ba, na yi wahalar banza.

Na ce ina son ganin Inna da Kulu a ɗaki, mu uku kawai. Aka kama tsohuwa aka shigar. Na saki labule, na sa Kulu ta sassauta zane ta durƙusa. Na kama hannun Inna. Ta gane inda zan kai shi, ta fara ja da baya.

Na ce, "Inna, ni baƙuwa ce, kunyarku ba ta hau kaina ba. Hannun kawai na ara, yanzu zan maido miki."

Na ɗora shi a saman ƙirjin Kulu, inda aka ɗebe fatar. Wurin ya ɗan faɗa, ga kaushi, ga gefen ɗinki. Na bi da yatsunta kewaye da shi don ta ji faɗinsa, na ce, "Kin ji? Daga nan aka ɗauka. Abin da ya ɓace nan shi ne a kuncin." Ina shirin ɗauke hannun sai na ji ya ƙwace daga nawa. Yatsun suka fara tafiya da kansu, suna lalube wajen kafaɗa, su je su dawo.

"Ina tsagar?" in ji ta.

Na ce, "Wace tsaga, Inna?"

"Akwai tsaga ukku nan. Shekarar ƙyanda numfashi ya ƙi mata, munka ɗebe tsammani. Ba wanda nib ba ita. Ni nir riƙe ta bisa cinyata, na aje kunya, uban Jelani yat tsaga. Nan suke. Ina kunka kai su?"

Sai na tuna tsagar da na gani a ƙirjinta safiyar aikin. Waɗannan 'yan layukan da nake zagayewa da auduga kowace safiya! Sun bi fatar sun hau fuska, suna nan can gefe kusa da kunne, wurin da tafin hannu ba zai ji ba in an shafa da sauri. Na ɗaga yatsanta na ɗora a kan na farko.

Ta tsaya. Ta matsa ta samu na biyu, ta samu na uku. Ta koma ta sake bi tun daga farko. Bakinta na motsi ba sauti. Sannan ta buɗe tafin hannu ta rufe kuncin gaba ɗaya, ta bar shi a nan, ba ta janye ba. Kulu ta runtse ido, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na kau da kai ina ta gyaran zip ɗin jakata da ba abin da ya same shi.

Can tsohuwa ta ɗaga murya, muryar da ban zaci tana da ita ba.

"Jelani!"

"Na'am, Inna," daga tsakar gida.

"Maida askarka. Ubanka ya riga ka."

Na zame na zauna daɓas a ƙasan ɗakin, da laka da komai, na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba. Sai a lokacin na ji gwiwoyina na zogi, na ji yunwa, na tuna ko ruwa ban sha ba tun asuba. Aka kawo fura na shanye ƙwarya guda ba kunya. Jelani ya naɗe zabirarsa yana dariya, ya ce tun da aikin tsohonsa ne ai ba ya gyara a kai. Modi kuma, don Allah ku ji, ya biyo ni har bakin babur yana tambaya, to yanzu man za su ci gaba da shafawa?

Da na kai nan a labarin, Ma'u ta daɗe da kife wayarta a kan tabarma. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Gwaggo, in da babu tsagar fa?"

Na ce da sai dai su ba ni ɗaki a ƙauyen in zauna har kaka, don ba inda za ni. Na ce musu ku je ku yi karatun, ku nemi Abujar in ita kuke so, ba laifi ba ne, Allah ya ba da sa'a. Amma duk fatar da aka ba ku ku wanke, ta Hajiya ce ko ta mai saƙar faifai, ku dube ta da kyau, don akwai inda ta fito kuma akwai gidan da za ta koma.

Kulu ta dawo asibiti bayan kaka, fatar ta zauna daram, likita ya ɗan rage mata kauri. Yanzu ita ke kai faifanta kasuwar Kebbe da kanta, gyale a kafaɗa. Bara ta biyo ta nan ta kawo mini guda biyu, ga ɗaya can a kan tulu. Na tambaye ta Inna. Ta yi dariya, ta rufe baki da hannu don sabo, sannan ta tuna ta sauke. Ta ce har yau tsohuwa ba ta kiran sunanta. Amma kullum da safe sai ta ce a turo mata wagga, wai za ta duba ko kuncin ya kumbura.